Ranar da Baturiya Ta Yaba Mini ’Ya

Turancin da na kwaso daga makarantar koyon aikin asibiti bai wuce na jikin kwalba ba: a sha sau uku, a girgiza kafin a sha, kada a sha. Sauran a bakin aiki na tsince shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan kowace kalma sai da na ji ta a jikina kafin ta zauna. Wadda ta fi ba ni wuya, yadda harshena ya iya murɗa ta, ita ce sikezin. Ba sunan magani ba ne. Kalma ce da Turawa ke siffanta suka da ita, irin sukar da idan an gama yi maka sai ka shafa jikinka ka ji ko da sauran fata. Ba ashar ba ce. Bature yana iya yi maka ita bai taɓa uwarka ba, bai ɗaga murya ba, hannunsa ma yana aljihu. Kuma ba mutum ake ce wa haka ba, maganarsa ake ce wa, galibi bayan an gama an kwashe wanda aka yi wa.

A Bodinga na koye ta, zamanin En’e, ’yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu, ina malamin asibitin sha-ka-tafi. Amma kafin in kai ga Baturiyar da ta koya mini, sai na faɗi irin gidan da na fito, in ba haka ba ba za a gane abin da ta yi mana ba.

A gidanmu ba a yabon yaro. Ba a ma yabon komai mai rai. Shekarar da gero ya yi kyau har rumbu ya kasa ɗauka, babana cewa yake bana dai sai haƙuri. In akuya ta haifi biyu, sai a ce ramammu ne, ba za su kai ba. Dalilin baki ne. Kowa a wajenmu ya san bakin mutum yana kama abin da ya yaba, balle in ya yaba bai ce tubarkalla ba. Ni kuwa na zo ne bayan Inna, mahaifiyata, ta binne huɗu a jere. Don haka aka huda mini kunne ɗaya, aka laƙaba mini wani suna da ma’anarsa juji, sannan aka aika Shagari a kira Goggo.

Goggo yayar babana ce, tana aure a Shagari a gidan masu shanu. Aikinta a danginmu sananne ne kamar na wanzami: duk jaririn da aka haifa, kafin ranar suna za ta zo ta kushe shi. Takan ɗauke shi ta juya, ta fara daga tsakar kai ta gangara har ɗan yatsan ƙafa, ba ta tsallake gaɓa ko ɗaya, don duk mai sha’awar yaron, mutum ne ko iska, ya ji ya san wannan ba abin ɗauka ba ne. Ni an ba ni labarin ta ce kaina kamar an fara ginin tulu mai ginin ta mutu, kunnuwana kuma a adana su, za su yi amfani wajen fifita wuta. Kuma ba ta yin aiki ta watsar. Duk zuwanta sai ta sake duba ni ta tabbatar ban gyaru ba. Ranar da aka ɗauke ni makarantar boko cewa ta yi Nasara sun yi wayo, sun zaɓi wanda ko ya ɓace ba a yi asara ba. Ban taɓa jin kalma ɗaya mai daɗi daga bakinta ba, kuma na girma. Haka duk waɗanda suka bi ta hannunta, muna nan da ranmu, munana, muna cin tuwo.

Sai ta tafi Makka da mijinta, a ƙasa, yadda ake tafiya a lokacin, a yi shekaru ana tafe ana tsayawa neman guzuri. A cikin shekarun nan na yi aure. Aka haifa mini ɗa namiji, bai kai yaye ba ya koma. Aka haifi na biyu, shi ma ya bi wansa. Ni malamin asibiti ne, na san sunan ciwon da ya ɗauki kowannensu, har da Turanci, na kuma yi wa Inna bayani. Ba ta yi gardama da ni ba. Da na gama cewa kawai ta yi, “Ba a kushe su ba.” An fa gwada. Inna ta gwada, maƙwabta sun gwada, amma wanda ba gwani ba ne in yana kushe ana jiyo son a ƙarƙashi, ko ɗan yaro ba zai ruɗu ba.

Goggo ta dawo ita kaɗai, mijin ya rasu a hanya. Ta dawo Hajiya, da haƙorin Makka, ta kuma dawo da abin da ba wanda ya yi zato: ta bari. Aka ce ta yi alkawari a gaban Ɗakin Allah ba za ta sake aibata wani mahaluki ba har ta mutu. Muka je yi mata barka da sauka da gaisuwar rashi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, na gyara zama ina jiran rabona, sai ta ce, “Allah shi yi maka albarka.” Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na dawo Bodinga ina tattaɓa jikina ko wani ciwo gare ni da ba a gaya mini ba.

A wannan hali aka haifi ta uku, mace. Muka ɓoye ta iyakar iyawarmu. Mai ɗakina takan shafa mata baƙin tukunya a goshi, ta naɗe ta da tsumman da ko jaki aka sa wa sai ya ji kunya, in an tambayi jaririya ta ce tana nan dai, ba yabo. Dama mace ce marar yawan magana, tun da ta binne na biyun kuma sai ta ƙara ragewa, ta koma daga “to” sai “a’a”. Matsalarmu ɗaya ce, baƙin tukunyar ba ya isa. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Yanzu ga Baturiya. Sista muke ce mata. Daga Sakkwato take fitowa rangadi, ta duba asibitocin ƙauye, ta auna jarirai a ma’auni. Doguwa ce busasshiya, Hausarta iyakarta gaisuwa da ba da umarni. Ranar da ta zo mana da damina ne, rumfar asibiti cike da mata. Inna na cikinsu, ta zo karɓar maganin gwiwa. Mai ɗakina ma dole ta kawo yarinya awo, don ba yadda za a yi matar malamin asibiti ta ƙi abin da mijinta ke bi gida-gida yana cewa a yi.

Da ni Sista ta fara. Rishona ya lalace tun bazara, na kai kuka har na gaji, don haka a murhu nake tafasa allura. Wannan ta gani ta wuce. Ta shafa yatsa a kan teburin magani ta duba yatsan. Sai ta buɗe kwandon auduga ta tarar da kaza. Kazar maƙwabta ce, ta daɗe tana ƙwai a wurin, mun saba, ba ta taɓa shiga aikina ba ni ma ban shiga nata ba. Har yau ban ga abin tayar da hankali a ciki ba. Sista dai ta rufe kwandon a hankali, ta juyo, ta fara da Turanci, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta ga bargar dawaki da ta fi ɗakin nan tsabta. Ta ce duk wanda ya shigo nan ya fita da ransa, iyayensa zai gode wa da suka haife shi da ƙarfi. Ta ce da za a ba ta aikin yaɗa cuta a ƙasar Bodinga, ba abin da za ta canza a ɗakin nan, sai dai ta nemi a ƙara mini girma. Ta daɗe tana yi, kuma ba ta maimaita magana ba.

Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, gaban matan gari, gaban matata. Amma zafi ne irin na wanda ya daɗe bai ci yaji ba. Matan ba sa jin Turanci, fuskata suke karantawa. Da Sista ta fita wajen motarta shan shayi, Inna ta dogara sandarta ta zo ƙofa ta ce in gaya mata abin da aka ce. Na gaya mata, ban rage ba. Ta gyaɗa kai, ta ce, “Wagga Baturiya ta san ya kamata. So take ka daɗe bisa aikinka.”

Da a nan aka tsaya, da kowa ya koma gida lafiya. Shayin nan shi ya cuce mu. Sista ta dawo jikinta ya yi sanyi, ta kira ni gefe ta ce tana jin maganarta ta ɗazu ta yi sikezin da yawa. Na ce mene ne shi, ranki ya daɗe? Ta yi tunani, ta miƙa hannunta ta kwatanta kamar tana zuba masa tafasasshen ruwa. Ta ce suka ce da ba gyara kaɗai take yi ba, ƙonawa take, ta bar tabo. Na ce na gane, kuma ba komai, mun gode. Ta ce a’a, da komai, ita ba ta son barin wuri ba ta faɗi abu ɗaya mai kyau ba. Daga baya na lura ɗabi’arsu ce, in sun ƙona ka sai sun nemo abin da za su shafa maka, ko ba ka roƙa ba. Ta duba ɗakin ba ta samu abin yabo ba. Ta dube ni, nan ma ba ta samu ba. Sai ta fita rumfa.

Daidai lokacin ’yata ce a kan ma’auni. Sista ta tsaya. Ta jiƙa hankicinta ta goge baƙin tukunyar nan tas, ta warware tsumman ta yar, ta ɗaga yarinyar sama ta juya ta ga mata. Kuma Hausar nan tata da kullum take tuntuɓe, ranar ko gargada ba ta yi ba.

“Kai! Yarinya mai kyau! Babu kamarta duk ƙasar nan. Ku duba ido! Ku duba ƙiba! Ku duba!”

Ta ce su duba, suka kuwa duba, ido sama da na kasuwa. Ba tubarkalla, ba masha Allahu. Ta ɗauko sabulu sanda guda ta ɗora wa uwar a hannu, wai kyautar wadda ta fi kowa iya reno. Wata tsohuwa ta juya gefe ta tofa yawu. Inna ta ce innalillahi a fili. Mai ɗakina ta karɓi ’yarta, ta ajiye sabulun a ƙasa, ta goya ta, ta fita ba ta waiwaya ba. Sista ta tambaye ni me ya faru. Na ce murna ce ta yi musu yawa. To me zan ce mata?

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kama yarinyar. Damina ce, sauro ko’ina, rabin yaran garin suna kwance. Na faɗa wa Inna haka, na faɗa wa mai ɗakina, na faɗa wa kaina ya fi a ƙirga. Na ba da kwinin yadda aka koya mini. Zafin jiki ya ƙi sauka. Ta bar kuka, ta bar kama nono, ido ya fara faɗawa, maɗiga ta lotsa. Na san wannan hanyar, na bi ta sau biyu, na san inda take ɓullewa. Tsoro ya kama ni, irin wanda karatu ba ya iya shiga tsakani. In na tafi asibiti sai in riƙa ba mutane magani ina kallon ƙofa, ina jiran yaron da za a aiko.

Wata safiya Inna ta shigo ɗakinmu, abin da ba ta yi, ta tsaya a kan yarinyar. Ta ce, “Ku tahi Shagari.”

Na ce, “Inna, Goggo ta bari.”

Ta ce, “Ku tahi dai.”

Ni mai takardar shaida, mai farar riga, ko musu ban yi ba. Na rufe asibitin En’e da kwaɗo, muka tsaya bakin hanya, muka sami motar katako mai zuwa wajen Jega da gishiri, muka hau kan buhuna. Gero ya yi kore dama da hagu, shanu sun ƙoshi, kowa a motar yana ta cewa bana sai haƙuri. Mai ɗakina ta rufe yarinyar da mayafi, lokaci-lokaci ta sa hannu ciki ta daɗe, sannan ta fitar. Ban tambaye ta abin da take dubawa ba.

Gidan su Goggo a bakin gari yake, kusa da garken shanu. Muka tarar da ita a gindin tsamiya a tsakar gida, a kan buzu, da tasbaha. Na cire takalmi na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da ruwa da dabbobi. Ta sa mini albarka, ta sa wa mai ɗakina, ta sa wa abin da ke goye. Na kwashe labari na gaya mata, tun daga kaza har sabulu.

Ta saurara har na gama. Ta ce, “Allah shi ba ta lahiya. Ni na bari.”

Na ce na tambayi malamai, alkawari yana da kaffara, ni zan ciyar da miskinai a madadinta. Ta ce ta sani. Na ce ko kaɗan ne ta taimaka, ko hanci kaɗai. Ta ce ta bari. Nan raina ya ɓaci, don ni ma ba a rasa ni da zuciya. Na ce, “Haba Goggo! Tun ina tsumma kike yi mini kyauta ban roƙa ba, a gaban baƙi, a gaban abokaina, har ranar da za ki tafi Makka ba ki raga mini ba. Yau da na tako na zo roƙo, yau ne za ki ce babu?”

Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce in matso. Ta ce, “Bari in gaya maka abin da ban gaya ma kowa ba. Can ƙasar Sudan, inda munka tsaya tsinkar auduga, ciwo ya kama mai gidana. Na kushe shi sahe, na kushe shi marece. Na ce mai rago, na ce mai ko mutuwa ba ta kwasar irinai. Duk abin da na iya sai da na zuba. Ya mutu. Maganar ƙarshe da ya ji duniya tawa ce, ina ce mai bai taɓa tsinana abin kirki ba. Shi ko mutumin kirki na, ban kuma taɓa gaya mai ba. Bakina ba ya riƙe kowa, ɗana. Allah ka riƙewa.”

Ɗana fa ta ce. Ban taɓa jin wannan a bakinta ba. Kuma abin da ta faɗa shi aka koya mini a makarantar allo, shi aka koya mini a ta boko, shi ni ma nake gaya wa mata a rumfa. Na ce to, Allah ya saka da alheri. Na miƙe na fara neman takalmina.

Mai ɗakina ba ta miƙe ba. Ta kwance goyo, ta warware mayafin, ta ɗora yarinyar a cinyar Goggo, ta durƙusa gabanta. Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa ji ta yi wa Goggo maganar da ta wuce gaisuwa ba.

Ta ce, “Goggo, gaskiyarku. To tunda haka na, ni ma bari in hwaɗi tawa tun tana ji. Biyu na binne ban taɓa ce ma ko ɗaya yana da kyau ba. Wagga kam sai ta ji.”

Sai ta fara. Ta ce a dubi idon nan. Ta ce a dubi gashin gira kamar an zana, a dubi hanci, a dubi ɗan bakin nan. Ba a hankali take faɗa ba, da ƙarfi take, muryar da ban san tana da ita ba. Matan gidan suka bar daka suka fito. Ba tubarkalla ko ɗaya. Na ce, “Ke!” Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce ba a taɓa haihuwar irinta a Bodinga ba, Baturiya gaskiya ta faɗa, ragewa ma ta yi. A ganina kashe ’yar take yi da bakinta, a gabana, da rana tsaka.

Tasbahar Goggo ta tsaya.

“Ke, ya isa.”

Mai ɗakina ta koma kan wuya.

“Na ce ya isa.”

Ta kamo ’yan yatsun tana nunawa ɗaya-ɗaya, hawaye na zuba, tana cewa ku duba, ku duba.

Goggo ta naɗe tasbaharta, ta ajiye ta a gefen buzu a hankali, kamar mai tuɓe takalmi zai shiga ruwa. Ta gyara ɗaurin zane. Ta ɗauki yarinyar ta juya ta.

“Rufe muna baki, sakarya! Wane ido? Wanga ido na kwaɗon da shanu sunka taka? Wanga goshi ai sai a shanya barkono bisa. Hanci ko an ɗora shi aro na, mai shi yana nan tahe karɓa. Ku dubi wuya, don Allah, da mi anka maƙala kan nan? Ciki awa salka, ƙahwahu awa karan da fara ta ci ta rage. Wa zai ɗauki wagga? Aljanin da ya yi kuskure ya ɗauka sai ya maido ta da kainai, ya haɗa da ban haƙuri. Mutuwa ma tana da zaɓe, ba ta rasa abin yi ba!”

Haka ta bi gaɓa-gaɓa har ɗan yatsan ƙafa, kamar ba ta taɓa hutawa ba. Da ta gama da yarinya ta koma kan Baturiya, ta ce mai idon mage ina ta san kyau, mutumin da rana ke dafa shi. Ta koma kan uwar. Matan gidan suka zauna a ƙasa don su ji daɗin saurare. Duk tsawon abin nan ba ta yi ashar ba, ba ta taɓa iyayen kowa ba, ba ta yi wa kowa baki ba. Ranar na san ainihin abin da kalmar Sista ke nufi, na kuma san abin da Sista ta yi mini ruwan ɗumin wanka ne.

Ana cikin haka yarinyar ta buɗe ido, ta yamutse fuska, ta tsala kuka. Kuka na sosai, na wanda aka ɓata wa rai. Goggo ta miƙa ta ga uwar da hannu ɗaya tana cewa a raba ta da wannan abu, muryar ma ba daɗi. Uwar ta sa mata nono, ta kama.

Sai Goggo ta juyo kaina. Ta ce ga babban banzan nan, mai kunnen fifita, an ba shi ɗaki guda ya tsare ya bar wa kaza. Ta ce Nasara sun yi shekaru suna zuba karatu a kaina yana zurarewa ta hudar kunne. Ta ce mutumin da ke tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, wai shi ne ke ba mutanen Bodinga magani, Allah shi jiƙan mutanen Bodinga. Tun ranar da na sa ɗana na fari a rami ban ji hankalina ya kwanta ba sai a wannan lokacin. Ji na yi kamar babba ya dawo gida. Na zauna a ƙasa da farar rigata, gaban matan Shagari, na fashe da kuka.

Goggo ta nuna ni da baki. Ta ce, “Ku dube shi. Ko kukan ma bai iya ba.”

Ba ta ɗauki tasbahar ba har muka tashi. Ta ce wa matan gidan gobe kada a dama fura da ita. Mu kuma ta ce mu tashi mu ba ta wuri, mun ja mata azumi. Da na durƙusa yin sallama ba ta sa mini albarka ba, na kuwa gode.

Yarinyar ta tashi. Na ci gaba da ba ta kwinin, kuma wanda ya ce kwinin ne ba zan yi musu da shi ba, ni na auna shi da hannuna. Inna ta ce Goggo ce. Goggo ta ce Allah ne, ta ƙara da cewa dama wa zai so wannan. Yanzu haka yarinyar tana da jikoki, kuma har yau ban ce mata komai a kan fuskarta ba. Da Sista ta sake zuwa rangadi ta tambayi kyakkyawar yarinyar nan, na ce tana nan amma ta lalace ƙwarai. Ta nuna damuwa, ta bar mana kwalbar man kifi.

Amma abin da ya fi zauna mini daga ranar nan bayan mun fito ne. Muna zaune a inuwa a bakin hanya da la’asar muna jiran motar komawa Bodinga, yarinyar ta yi barci da nono a baki. Na daɗe ina juya maganar, sannan na tambayi mai ɗakina ko dabara ta yi don ta tunzura Goggo.

Ta ce, “A’a.”

Na ɗauka ta gama, don iyakarta ke nan. Can sai ta ce, “Ban ma ƙare ba, ta katse ni.”

Na ce wace gaɓa ta rage?

Ta ce, “Ba tata ba. Na yaran.” Ta gyara wa ’yar kwanciya. “Su yanzu ba bakin da ka kama su, ko Malam?”

Na ce babu.

Sai ta fara da babban. Ta ce gashin idonsa dogaye ne har suna taɓa kumatu in yana barci, ta ce in ya yi dariya gefe ɗaya na bakinsa ke fara tafiya. Ta ce ƙaramin ya fi shi haske, yana da ɗan lotsi a haɓa, kuma tafin ƙafarsa ba ta taɓa ganin mai kyau irinsa ba. Duk na san waɗannan abubuwa, ni ma na gani a lokacin na kau da kai. Mota ta zo ta tsaya, yaron mota ya yi ta kiran Bodinga, Bodinga, ya gaji suka wuce. Ba mu tashi ba, don ba ta gama da ƙaramin ba.